Mai Auna Saifar Ɓeraye

A cibiyar binciken da ta yi wa aiki shekara goma sha tara, ba wanda yake kiranta da sunanta. Mai Awo ake ce mata, daga masinja har shugaba. Gajera ce kakkaura, mai ƙananan hannuwa, ba ta da yawan magana. In ta sa tabarau ta sunkuya a kan sikeli, ko gobara ake yi sai ta rubuta lambar sannan ta ɗago.

'Yar mahauci ce. Tun tana shekara takwas take kai wa mahaifinta abinci mayanka, ta kife bokiti ta zauna tana kallon fiɗa. Wata rana ta ga ya ciro saifar wata saniya, ya juya ta a hannu, ya ɓata fuska, ya ce a janye naman gefe kada a sayar. Ta tambaye shi dalili. Ya ce, "Dubi yadda ta kumbura ta yi baƙi. Saifa ita ce matatar jini. In mugun abu ya shiga jinin dabba nan yake taruwa, ita kuma ta yi ta kokawa da shi har ta kumbura." Mai saniyar ya yi ta zage-zage, baban ko kallonsa bai yi ba. Da ta gama sakandare ta yi kwas na shekara biyu a aikin ɗakin gwaji, ta nemi aiki a asibitoci uku ba ta samu ba, sai ga shi an ɗauke ta a inda marasa lafiyar duk masu wutsiya ne.

Aikin cibiyar shi ne binciken ƙananan dabbobin daji da cututtukan da suke ɗauke da su. Masu tarko su fita da safe su kwaso abin da ya faɗa, ɓerayen daji, gafiya, jaɓa, su jibge mata. Ɗakinta dogo ne mai taga ɗaya, da teburin siminti daga bango zuwa bango, da firiza biyu masu gurnani, da warin ruwan maganin da ake jiƙa nama a ciki don kada ya ruɓe. Ko ta yi wanka sau uku, in ta shiga motar haya sai an juyo an kalle ta. Kowace dabba da lambarta. Ta auna nauyinta, ta taje gashinta a kan farar takarda ta ƙirga ƙuma da kaska, ta shafa ɗigon jininta a gilashi, ta buɗe cikin da almakashi ta ƙirga tsutsar hanji. A ƙarshe ta sa hantsaki ta ɗauko saifar, 'yar abu ja da ba ta kai rabin ƙaramin yatsa ba, ta ɗora a kan sikeli mai ƙofofin gilashi wanda numfashi kaɗai kan sa lambarsa ta motsa. Abin da ake son a sani shi ne wace cuta ce take kumbura saifa, kuma har ina take kai ta.

A nan ta haɗu da mijinta, babban mai tarko, wanda ake kira Kurege don ba ya iya zama wuri ɗaya. Shi bakinsa ba ya rufuwa, ita nata ba ya buɗuwa. Yakan rubuta a takardar da yake ɗaura wa ɓera a ƙafa, ƙasa da lambar, "Wannan ya ce a gaishe ki." In ya shigo da akwati sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Likitar ɓeraye, ga sababbin marasa lafiya. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin wanda kika sallama ba." Shekara guda tana haɗe rai, ranar da dariya ta ƙwace mata magana ta ƙare. Suka yi aure, suka kama ɗaki biyu a bayan wani shagon walda, Allah ya ba su 'ya mace ɗaya. Kurege ya koya wa yarinyar gane sawun dabba a ƙasa tun kafin ta iya karatu.

Shugaban sashensu Dakta ake ce masa. A faɗi gaskiya, ya san aikinsa. Shi ya koya mata duba jini a madubin ƙara girma, ya zaunar da ita mako shida har idonta ya buɗe. Saboda haka in ya ce abu kaza ne, ba ta ƙara tambaya.

A shekararta ta goma sha biyu a wurin, masu tarko suka fara ɗana tarko a wani tsohon rami da kamfanin bulo ya haƙa ya bari, ruwa ya taru ciyawa ta rufe. Ɓeran farko da ta buɗe daga can, sai da ta cire tabarau ta goge. Saifar ta ninka ta kullum sau huɗu, baƙa, ta cika gefen ciki. Na biyu haka, na uku haka. Da ta duba jininsu sai ta ga wasu siraran abubuwa a murɗe kamar zaren da aka warware daga igiya, kwance tsakanin ƙwayoyin jini. Ta kira Dakta. Ya daɗe da ido a madubi, ya ɗago yana murmushi shi kaɗai, ya ce kada ta faɗa wa kowa tukuna. Ya aika samfur wani babban ɗakin gwaji a ƙasar waje. Bayan 'yan makonni ya tara masu tarko ya ce yanzu ba ɓera kaɗai yake so ba. Su haƙe ramukan ɓerayen, su tankaɗe ƙasar, su tsinto masa wata irin kaska mai laushi da take ɓuya a ciki, wadda takan yi cizo ta saki kafin mutum ya ankara.

Kurege ya ce, "Yallaɓai, a taimaka mana da dogayen takalma da safar hannu. Abin nan cizo yake."

Dakta ya ce, "An rubuta, suna hanya. Ku fara kafin ruwa ya cika ramukan."

Suka fara da hannu. Mako na uku Kurege ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, kwana uku, sai ya sake shi kamar ba a yi ba. Bayan mako guda ya dawo. A asibitin unguwa aka ce maleriya, aka ba shi magani. Ya sake dawowa, aka canja maganin. A karo na uku, yana rawar sanyi da tsakar rana, Mai Awo ta kama yatsansa ta huda, ta shafa jinin a gilashi, ta tafi da shi wurin aiki. Ko minti biyu ba ta yi a madubi ba ta gan su, a murɗe, irin na ɓerayen ramin bulo. Ta ruga ofishin Dakta ba ko sallama.

Ya zo ya duba. Ya daɗe. Ya ɗago ya ce, "Rinin da kika sa ne ya yi gudaji. Irin na ɓera ba ya kama mutum. Kin cika kallon jinin ɓera, Mai Awo, shi ya sa kike ganinsu ko'ina. Ya ci gaba da maganin maleriya."

Ta ce, "Yallaɓai, amma na gan su."

Ya ce, "Wa ya koya miki gani?"

Ta naɗe gilashin a takarda ta jefa a gidan tabaraunta, ta koma gida ta ce wa mijinta ba komai ba ne.

Zazzaɓin ya sake shi, ya koma aiki a rame yana tsokanar kowa. Wata ranar Talata ya diro daga bayan motar ofis da akwatin tarkuna a hannu, bakin akwatin ya buge shi a haƙarƙarin hagu. Ba wani bugu ba ne, har dariya ya yi. Kafin azahar gumi mai sanyi ya rufe shi, leɓɓansa suka yi fari. Aka kai shi babban asibiti, aka shiga da shi tiyata, bai fito ba. Likitan ya same ta a kan benci ya ce saifarsa ce ta fashe jini ya cika cikin. Ya ce ta kumbura ƙwarai ta yi laushi, ko tari mai ƙarfi zai iya fasa ta. Ya fara yi mata bayanin mene ne saifa. Ta ce, "Na sani." 'Yarsu tana shekara tara a lokacin.

Wata biyar bayan haka aka zo fentin ofisoshi, aka ce kowa ya taya kwashe fayil. Tana ɗauke da na Dakta wata wasiƙa ta zamo ta faɗi. Amsar ɗakin gwajin nan ce ta ƙasar waje. Ta tsaya a baranda ta karanta sau uku. An rubuta ƙarara cewa wannan ƙwayar cuta tana kama mutum ta cizon kaskar rami, tana kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, tana kumbura saifa. A gargaɗi ma'aikata, a sanar da asibitocin kusa. Maganinta kafso ne da ake samu a kowane kemis, a sha na mako guda. Kwanan watan wasiƙar ya riga ranar da aka fara haƙa ramukan da kwana goma sha ɗaya. A gefe, da koren biron Dakta, an rubuta, "A ajiye tukuna, sai an gama tattara samfur." Ya san in maganar ta fita za a rufe wurin, wani kuma ya riga shi bugawa.

Kafso na mako guda.

Ta kai wa yayanta, wanda ya gaji teburin mahaifinsu a mayanka. Yana jin ƙarshen wasiƙar ya miƙe yana laluben makullin babur.

Ta ce, "Zauna, Yaya. In ka fasa masa baki, gobe kai ne a kulle, shi kuma ya zama abin tausayi. Akwai hukuma a wurin aikin."

Ta ɗauki wasiƙar, ita kanta ta asali, ba ta ko yi kwafi ba, ta kai wa babban jami'in mulki na cibiyar. Ya karanta, ya girgiza kai, ya ce ta bar masa. Bayan mako guda ba wasiƙa ba labarinta. Abin da ya zo shi ne takardar tuhuma, wai ta yi bincike a fayil ɗin da ba nata ba, ta kuma ɓata sunan shugabanta. Dakta ya kira ta ofis, ya ba ta kujera, ya sassauta murya. Ya ce ya san zafin rashi, ya san yadda yake juya tunanin mutum, kuma shi da kansa ya roƙa kada a kore ta saboda marainiya.

Ta dubi koren biron a aljihun rigarsa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na gode, yallaɓai. A yi haƙuri, ruɗewa ce."

Daga ranar ta zama ma'aikaciyar da ba a taɓa yin irinta ba. Ita ce farkon zuwa, ita ce ƙarshen tashi. In Dakta ya shigo ta miƙe, in ya yi barkwanci ta yi dariya. Takalma da safar hannu suka iso a ɓoye, aka daina haƙa rami da hannu, ba wanda ya ce don me. Ita kuwa jira take yi, ba ta ma san me take jira ba.

Sau ɗaya ta kusa yin gaggawa. An kawo kwalbar kaska masu rai daga ramin bulo, Dakta kuma ya rataye kwat ɗinsa a kujerarta ya fita amsa waya. Ta buɗe kwalbar, ta ɗauko guda da hantsaki, ta tsaya a kan wuyan rigar. Abin da ya hana ta ba tausayi ba ne. Ta tuna cewa shi ya san sunan kafson. Zai sha na mako guda ya miƙe. Ta mayar da kaskar ta rufe.

Ƙofar da take jira, Dakta ne ya buɗe mata da kansa. Sunansa ya fita duniya a kan magana ɗaya: gwargwadon yawan cutar a jinin ɓera, gwargwadon girman saifarsa, ba kuskure, har ma mutum zai iya auna saifa kawai ya san yadda cutar ta yi yawa a wuri. Zanen da yake nunawa a taro layi ne miƙaƙƙe kamar an ja shi da rula. Amma ɓeraye ba su karanta takardarsa ba. A teburinta tana ganin mace mai ciki da saifa kumburarriya alhali jininta tas. Tana ganin wanda cutar ta cika masa jini, amma da yake hanjinsa cike yake da tsutsa, saifar ba ta tashi sosai ba. Tana ganin tsofaffi da suka daɗe da cutar saifarsu ta koma ta motse. Kusan ɗaya cikin huɗu ba ya hawa layin.

Ranar da ta fara nuna masa irin waɗannan, ya ja tsaki ya ce, "An yi kuskure wajen kamawa. Cire su, ki zubar."

Ta ce, "To, yallaɓai. Sai dai doka ta ce in za a zubar da samfur sai shugaba ya sa hannu."

Ya sa. Daga nan ta riƙa kai masa takardar zubarwa daidai lokacin da yake sauri, mota tana jira, waya tana ƙara. Har ita take tuna masa. "Yallaɓai, ga wasu bakwai sun ɓata layin, a cire?" Ya ce a cire, ya zaro koren biro. Ba ta zubar da ko ɗaya ba. Kowace saifa ta jefa ta a 'yar kwalba da ruwan magani, ta manna lamba, ta rubuta nauyin gaskiya a wani littafi nata daban, ta jera a kwali a bayan sito, ta rubuta a jikin kwalin, "Fanko." Ba ta taɓa ƙara ko rage lamba a sikeli ba. Ta san ƙarya ɗaya tata za ta wanke duk nasa.

Shekara bakwai tana wannan. Ba kyauta ta yi su ba, gida ne ya ɗauki nauyin. 'Yarta ta girma da uwa mai dawowa a gajiye, ta ci abinci a tsaye, ta amsa magana da kai. Ranar da aka ba yarinyar kyauta a makaranta, kujerar uwarta ba kowa, don ranar Dakta zai yi tafiya kuma akwai takardar da zai sa wa hannu. Kawun yarinyar, mahaucin nan, ya riga ya gaya mata komai. Tana shekara goma sha biyar ta ga hoton walimar ofis, uwarta tsaye kusa da Dakta baki har kunne. Ta jefar da hoton a ƙasa.

"Umma, yaya kike yi masa dariya? Mutumin da ya kashe Abba?"

Mai Awo ta ɗauki hoton ta kaɗe. Ta ce, "Haƙora ne kawai."

"To ni ko haƙoran ba na gani a gidan nan."

Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, washegari kuma ta riga kowa zuwa aiki.

A shekara ta bakwai masu ba cibiyar tallafi suka ce za su gina sabon ɗakin gwaji, babba, Dakta ya zama shugabansa. Suka turo mutum uku su duba aikin. Babbarsu wata tsohuwar Farfesa ce mai dogara sanda, wadda ta ƙare rayuwarta a kan ɓeraye. Dakta ya sha sabon kwat, ya nuna musu zanensa, sannan ya kawo su dogon ɗakin ya ce, "Ga ta hannun damana. Duk lambar da kuka gani daga sikelinta ta fito."

Mai Awo ta buɗe ɓera ɗaya a gabansu, ta ciro saifar ta auna. Farfesa ta matso ta duba, ta ce, "Hannunki yana da kyau, 'yata." Sannan ta juya ga Dakta. "Abu ɗaya ne yake ba ni mamaki. Masu ciki fa? A wurina kullum su suke rikita mini lissafi."

Dakta ya ce, "Mu nan ba mu ga wani bambanci ba."

Mai Awo ta cire safar hannunta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Ranki ya daɗe, in kina da minti goma, akwai abin da zan nuna miki."

Ta shiga sito ta turo kwalaye shida a kan teburin turawa. Ta fara jera kwalaben a kan siminti, layi-layi, ba abin da ake ji sai ƙarar gilashi da gurnanin firiza. Ɗari huɗu da goma sha biyu. Ta ajiye littafinta a gefe, ta ɗora fayil ɗin takardun zubarwa a kai.

"Waɗannan masu ciki ne. Waɗannan masu tsutsar hanji. Waɗannan tsofaffi. Duk an ce in zubar don ba su hau layi ba."

Dakta ya yi wata 'yar dariya. Ya ce, "Farfesa, a yi mata uzuri. Tun da mijinta ya rasu ba ta cika..."

Farfesa ba ta ɗago daga fayil ɗin ba. Ta ce, "Wannan sa hannun wa ne?"

Ta buɗe shafi na gaba, da na gaba. Ta ɗauki kwalba ɗaya ta ɗaga a hasken taga, ta duba lambar a littafin, ta ce a kawo mata kujera. Mai Awo tana kallon Dakta. Ta ga gumi ya tsattsafo masa a saman leɓe, ta ga hannunsa ya kai aljihu ya dawo, ta ga ya buɗe baki ya rufe. Shekara bakwai tana zana wannan fuskar a ranta, ta kuwa same ta yadda take so, har da ƙari.

Sannan ta buɗe gidan tabaraunta, ta warware tsohuwar takarda, ta sa gilashin a madubi ta daidaita. Ta ce, "Saura ɗaya, ranki ya daɗe. Wannan ba na ɓera ba ne."

Farfesa ta duba. Ta ce, "Ai ga su nan birjik. Jinin wa?"

"Na mijina. An ce mini rini ne ya yi gudaji."

Bincike ya ɗauki wata tara. Mujallu suka janye takardun Dakta guda biyar, maganar sabon gini ta mutu, aka sallame shi. Amma a kan lambobi aka sallame shi. Maganar Kurege kwamitin ya ce ba ta cikin abin da aka ɗora masa. An samo kwafin wasiƙar daga waɗanda suka aiko ta, Dakta ya ce ya miƙa ta ofishin mulki, jami'in mulkin kuma ya riga ya yi ritaya ya ce bai tuna ba. Gilashin ba shi da lambar ofis, saboda haka ba hujja ba ne. Mai Awo ta karanta rahoton, shafi arba'in, sunan mijinta bai fito ko sau ɗaya ba. An tsaya wa ɓeraye, ba a tsaya masa ba.

Ita ma aka sallame ta, don ta ga ɓarna shekara bakwai ta yi shiru, kuma rubutunta ne a kan takardun zubarwar. Ba ta yi musu ba, gaskiya ne. Sashen ya watse. Masu tarko huɗu suka rasa aiki, biyu daga cikinsu har yau ba sa gaishe ta. Wata ɗaliba da ta yi shekara huɗu tana gina digirinta a kan layin Dakta ta tare ta a bakin get tana kuka, ta ce, "Anti, kina kallona kullum ina rubuta ƙarya, ba ki ce mini komai ba?" Wannan ta taɓa ta. Washegari ta aika wa ɗalibar littattafanta duka, ta ce ta fara daga nan. Abu ɗaya mai kyau da ya fito shi ne Farfesa ta rubuta wa asibitocin yankin, aka fara duba jinin masu zazzaɓin da yake dawowa, aka kuwa samu da yawa a ƙauyukan da suke kusa da ramin.

Bayan shekara biyu, wata ranar Asabar da hantsi tana wanki, aka yi sallama. Dakta ne da yayansa, wani dattijo mai farin gemu. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta ba su kujeru a baranda, ta kira 'yarta, ita kuma ta tsaya da kumfa a hannu.

Dattijon ya yi doguwar magana a kan haƙuri. Dakta ya ce ya zo neman gafara a kan kurakuran da aka yi.

Ta ce, "Aka yi? Wa ya yi? Faɗi abin da ka rubuta a gefen wasiƙar."

Yayansa ya taɓa masa gwiwa. Ya ce a hankali, "A ajiye tukuna, sai an gama tattara samfur."

"Ba ni za ka gaya wa ba, ni na karanta. Ga 'yarsa nan. Ka gaya mata, ka kuma gaya mata abin da ka gani a madubi ranar da na kira ka."

Ya juya ga yarinyar ya faɗa, duka, har da kafson. Ya ce ya yi niyyar faɗa in an gama haƙa, saura mako biyu kawai, bai zaci abin zai kai haka ba. Yarinyar tana hawaye ta ce, "Ni na yafe. Na gaji da zama da kai a gidan nan, ka tafi."

Dattijon ya dubi Mai Awo. "Ke fa, baiwar Allah?"

Ta ce, "Na ji abin da ya faɗa. Ban yafe ba. Ku gaida gida, Baba." Ta koma kan wankinta tun kafin su kai ƙofa.

Yanzu tana aiki a ɗakin gwajin wani ƙaramin asibiti, inda likitoci suke shakkarta, don in aka rubuta maleriya ba a duba jini ba har ofis take bin mutum da takardar. 'Yarta ta karanci zanen gine-gine, ta ce ba ta son aikin da yake da jini a ciki. Suna shiri, suna hira, amma maganar ranar Asabar ɗin nan ba su taɓa daidaitawa a kai ba, sun dai daina tayar da ita. Dakta kuwa an ce yana koyarwa a wata makarantar kuɗi a wani gari, yana zuwa a motar haya. In wani tsohon abokin aiki ya biyo ya ce ya gan shi, ya tsufa, har hannunsa yana rawa, Mai Awo takan ajiye abin da take yi, ta jawo kujera, ta ce a fara mata daga farko.